Turmin Tsohuwa

Kun ce turmi rami ne a cikin gungume. Na ji ku, domin Sani ya faɗa da ƙarfi, kuma abin da aka faɗa da ƙarfi har yanzu yana shiga kunnena. Na kuma ji lokacin da na amsa gaisuwar da ba a yi mini ba, ɗayanku ya ce tsoho ya yi kunnen Gagare, kuka kwashe da dariya. Ba komai. Ku zauna, ku ajiye gaturan nan kafin wani ya sare ƙafar ɗan'uwansa. Turmin Tsohuwa ya rabe biyu, Maigari ya ce a cikinku za a sami mai sassaƙa sabo tunda hannuna ya daina riƙe gizago, ni kuma ba zan nuna kowa ba sai na gama abin da zan faɗa. Da tsawo, kuma ba don daɗinsa zan faɗe shi ba.

Aikin farko da aka ba ni ƙotar gatari ce, ba turmi ba, ba akushi ba. Mahaifina ya rasu ina yaro, ƙanensa ya ɗauke ni. Shi ne Gagaren da kuke wasa da sunansa, ni kuwa Baffa nake ce masa. Ya ba ni reshen aduwa mai gwiwa ya ce in fitar da ƙota. Na yini ina fama, na kawo masa abu sumul ina jiran yabo. Ko dubawa bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya kara a kunne, ya jefa ta cikin murhu.

"Da tsaga a gwiwa," in ji shi. "Ran da mai ita zai ɗaga ta bisa kansa, ran nan za ta gaya masa."

Ƙota bakwai ya ƙona mini kafin ya karɓi ɗaya. Wannan ɗin ma bai ce ta yi kyau ba, cewa ya yi in kai wa mai ita.

Kayan aikinmu ba su da yawa, ga su can a rataye. Gatari na sara, babban gizago na fafe ciki, ƙaramin gizago mai lanƙwasa na bin gindi, makankari na gogewa, sai dutsen washi. Shekara biyu dutsen nan ne abokina. Ku yanzu gatarin kanti kuke sayowa, in ya dakushe ku zagi maƙeri. A zamaninmu ƙarfe wuya gare shi, gizago ɗaya yakan yi wa uba aiki ya yi wa ɗa, saboda haka wanda bai iya washi ba ba a ba shi ya ɓata. A kan dutsen nan Baffa ya koya mini cewa masassaƙi da kunne yake fara aiki kafin hannu. Busasshen ice mai lafiya in ka buga shi amsawa yake yi, muryarsa ta fita ta tafi. Mai ruɓa a ciki ko mai tsaga kuwa, bugun a nan yake mutuwa, kamar ka mari jikar gari.

Na tuna wani akushi da na yi wa wata Bafillatana daga wajen Olelewa. Sau uku tana dawo da shi, wai nono yana ɗaukar warin ice. Na farko na ce hancinta ne. Na biyu ma na ce hancinta ne. A na uku Baffa ya karɓa ya sansana, ya miƙo mini, ya ce in sha ruwa a ciki. Na sha, na tofar. Ban bar icen ya bushe ba, kuma na yi rowar man shanu wajen shafawa. Masu saye kowa da irin wahalarsa. Malami allon aduwa yake so, sumul, ya sallame ka da addu'a mai tsawo. Manomi in ƙotarsa ta karye bayan damina biyar sai ya zo ƙofarka ya ce aikinka ne. Mata ne ba su da ɓoye-ɓoye. Mace za ta zo da tsabarta a ƙwarya, ta zuba a turmi ta daka a gabanka. In ya yi ta ɗauka, in bai yi ba duk bakin rijiya ya ji kafin azahar.

Ranar da Baffa ya fara kai ni sara, wata danya ce a kwarin yamma. Na ɗaga gatari zan sa a gindi, ya riƙe mini hannu. Ya nuna mini daidai gwiwa, ya ce a nan, kuma a karkace, don kada ruwan sama ya kwanta a kan kututture ya ruɓe. Da icen ya faɗi na ce mun gama, ashe ba mu fara ba. Sai da muka sari ƙaya muka kewaye kututturen don kada awaki su cinye tohon da zai fito. Ba a saran ice biyu maƙwabta a shekara ɗaya. Ba a sara da damina, lokacin da ice ya cika da ruwa. Na tambaye shi wa zai gan mu a dajin nan in mun yi yadda muka ga dama. Ya ce wanda zai zo neman ice bayanmu, shi zai gan mu.

To, Tsohuwa kun san ta, gawon nan na bakin rijiya. Amma ba ku san ta da 'ya'yanta ba. An ce mutanen da suka fara zuwa nan ƙishirwa ta kusa gamawa da su, sai wata tsohuwa a cikinsu ta zauna ta ce ba za ta ƙara taku ɗaya ba, a haƙa a nan. Aka haƙa, aka sami ruwa. Da aka juya a ba ta ta sha, babu ita, sai ɗan tsiron gawo a inda ta zauna. Haka aka gaya mini, haka nake gaya muku. Ni ban taɓa ganin aljani ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mata sallah, liman ma a inuwarta yake zama. Abin da na gani da idona shi ne kurmin da ya kewaye ta. Gabas da rijiya, inda kuke tsere da jakuna yanzu, danya ce da marke da aduwa da bagaruwa, sun haɗa kai har mutum ya shiga da rana tsaka ya ji sanyi. Waɗannan su ne 'ya'yan Tsohuwa, ba a sa musu ƙarfe. Abin da ya faɗo da kansa a ɗauka, abin da yake tsaye a bar shi.

A Damagaram an ce wanda ya sari gawo sarki yakan sa a sare shi shi ma. Mu nan Damargu sarki ya yi mana nisa, ba mu da dogari, sai turmi. Kowace shekara bayan an gama yankan hatsi, da sassafe iska ba ta tashi ba, a kai turmin nan gindin Tsohuwa, liman ya yi addu'a, matar da ta fi kowa shekaru cikin masu ƙarfin ɗaga tabarya ta fara daka. Dattawa huɗu su tashi, gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya yi ta tafiya har inda ya daina jin daka. A nan a kafa reshen dashi. Duk abin da ke cikin dashin nan na Tsohuwa ne har shekara ta kewayo. Kuna yi har yau, amma kun mai da shi wajen shan fura. A da, iyakar takan motsa taku goma ko ashirin, gaba ko baya, shi ke nan. Dashin shekaru ya kama ya yi layi kamar shinge. Turmin kuwa ba a sauya shi sai ya rabe biyu da kansa, kuma gidanmu ne ke sassaƙa shi tun kakanni.

Sai shekarar mutuwar shanu ta zo, 'yan shekaru kafin mu fara ganin Nasara. Ina magidanci a lokacin, da mata da 'ya'ya uku, ga Baffa a gidana idonsa ya rufe. Ciwon ya shigo ya kwashe garke-garke, har ungulu ta ƙoshi ta daina sauka. Fulanin da suke sayen akushi da komin shayarwa ba su da abin tatsa, ba su da abin shayarwa. Na ga mutumin da ya taɓa sayen komi biyu a wurina yana yawo da igiyar maraƙi a hannu, babu maraƙin. Daminar da ta biyo kuma ta yanke tun gero yana ciki. Wanda rumbunsa babu komai ba ya sayen turmi. Na zauna da gizago a hannu ina kallon hanya, matata tana jiƙa 'ya'yan anza, abincin yunwa, tana sauya ruwa don ɗaci ya fita.

A cikin wannan hali wani madugun Abzinawa mai suna Aghali ya sauka bakin rijiya, yana kan hanyarsa ta kudu da gishiri. Ciwon bai taɓa raƙuma ba, saboda haka shi yana tsaye da ƙafarsa. Ya zo rumfar nan ya tsuguna, ya ce yana son komaye manya da turame da akussa, masu yawa, zai tafi da su arewa inda babu ice mai kauri.

"In na dawo da bazara na tarar da su, zan sauke maka hatsin da zai kai gidanka damina," ya ce.

"Ina zan sami icen?"

Ya ɗaga haɓa wajen kurmi.

"Wancan ba a taɓawa," na ce.

"To nemo wanda ake taɓawa. Ni ice na sani."

Icen da ake taɓawa mai kaurin komi ya ƙare a kusa. Sai an yi tafiyar kwana biyu, kuma a shekarun nan wanda ya yi nisa da gari shi kaɗai da jaki, mahara ne ke gaishe shi. Mutum biyu daga Gangara sun fita neman ice haka, ba a sake ganinsu ba. Ni kuwa kullum in na je ɗiban busassun rassa ina wuce manyan danyoyin nan na gabas, can bakin iyaka, cikin layin dashi kaɗan. Na san kaurin kowace. Na san wadda za ta ba da komi biyu da wadda za ta ba da turmi uku.

Kwana kaɗan bayan tafiyar madugu, aka je fito da turmin Tsohuwa don a wanke shi, ya rabe a hannun mata. Na kakanmu ne, kiriya ce da ya kawo daga kudu, ya yi shekarun da ba wanda ya san adadinsu. Maigari ya aiko a kira ni, ya ce saura kwana goma a yi daka.

Ina da gungume biyu a ajiye, duka marke, duka busassu. Ɗaya lafiyayye, in ka buga shi sai ka ji har cikin haƙoranka. Ɗaya kuwa yana da tsaga siririya a gindi, wadda ido ba ya kamawa, na ware shi tun bara don in fasa in yi kujeru. Ba zan ce muku Shaiɗan ne ya ja hannuna ba, ni na je da ƙafata na mirgino mai tsagar. Na yi masa aikin da ban taɓa yi wa turmi ba. Na fafe shi daidai, na fitar da ƙugu, na zana masa zobe uku a wuya. Tsagar na cike ta da ƙaro da garin gawayi, na kanga turmin a hayaƙi ya yi baƙi, na shafe shi da ɗan man da ya rage a gidan. Na yi aikin a bayan gari, wai don inuwa ta fi kyau a can. Gaskiyar ita ce don kada Baffa ya ji ƙarar gizago a jikinsa. Da na kai, mata suka yi ta shafa shi, Maigari ya ce jikan ya fi kakan.

Ranar daka ta zo. Iya Hajo ce mai tabarya a shekarar. Gabas kuwa Baffa ne ke tafiya tun kafin a haife ni, domin can ne kurmi ya fi kauri, kuma kowa ya san kunnensa ba na wasa ba ne. Da idonsa ya rufe ba a karɓe masa ba, sai dai ni nake riƙe hannunsa. Liman ya shafa, Iya Hajo ta ɗaga tabarya ta sake. Bugu ɗaya. Na ji yatsun Baffa sun motsa a cikin tafina. Muka kama hanya.

Ran nan kusan duk mazan gari gabas suka bi, har da Maigari. Kowa yana da abin da yake so a can, mai son itacen rufi, mai son gawayi, mai son ganyen da zai sassabe wa awakin da suka rage. Mun wuce jigawar nan ta tsakiya da kaɗan daka ta fara dushewa. Muka ƙara gaba, ta ɓace ɗif. Ko rabin hanyar tsohon layin dashi ba mu kai ba. Na ji numfashin mutane ya sauya a bayana. Wani ya ce Tsohuwa ta ji tausayin 'ya'yanta, ta tattare zanenta don mu ci. Baffa bai tsaya ba.

Ya sunkuyo kusa da kunnena, murya ƙasa-ƙasa. "Tun bugun farko na ji tsagar. Ci gaba da tafiya, ɗan nan. Kai ni inda dashi yake."

Muka ci gaba. Maigari ya biyo mu da sauri.

"Gagare, ina za ka? An daina ji."

"Ku kuka daina ji. Ni ina ji."

"Haba Gagare, mu duka kurame ne?"

"Yo ni na sani? Yunwa tana toshe kunne."

Al'ada ta ce maganar mai tafiya ita ce magana. Da shekarar ƙoshi ce da an bar shi ya kai inda zai kai. Amma mutane suka fara gunaguni, Maigari kuma ba ya son a ce ya karya al'ada, ba ya son a ce ya bar gari da yunwa. Sai ya ce mu ɗan tsaya ya huta. Ya ja wani mutum gefe ya raɗa masa magana, mutumin ya juya da gudu. Cewa ya yi a je a tsai da Iya Hajo, in ta ajiye tabarya a ɗaga farin ƙyalle a kan jigawa. Muna tsaye a rana, ba mai magana, har ƙyallen ya tashi. Kowa ya gan shi, ban da mutum ɗaya.

"To Gagare," in ji Maigari, "har yanzu kana ji?"

Baffa ya san an shirya masa wani abu, shirun ya yi yawa. Ya matsa hannuna sau biyu. Tambayata yake yi. Da na matsa nasa sau ɗaya da ya gane, ya ce yanzu kam ya daina ji, ko ya ce an tsaya, a ce kai, kunnen Gagare ba dama. Da na buɗe baki na ce turmin ne mai tsaga, da an fasa dakan ran nan. Ina kallon danyoyin nan a gabanmu, ina tuna anzar da ke jiƙe a gida. Na bar hannuna a sake kamar na gawa.

Ya ɗan jira. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ina ji mana. Tim, tim. Ga shi nan."

Dariyar da aka yi ran nan, ta mutanen da suka daɗe ba su yi dariya ba ce. Wasu har da zama a ƙasa. Maigari ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah shi ba mu tsufa mai kyau. Iya Hajo ta ajiye tabarya tun ɗazu." Aka koma baya, aka sa ta ci gaba, wani dattijo ya tsaya inda ya daina ji, aka kafa dashi a nan. Daga ranar aka sami abin faɗa a garin nan: duk wanda ya ce ya ji abin da ba a faɗa ba, ya yi kunnen Gagare. Mutumin da bai taɓa sayar da ƙota mai tsaga ba, ƙarya ɗaya ya yi a rayuwarsa, don ya toshe tawa, kuma ita aka riƙe masa.

A hanyar gida bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da muka kai ƙofa ya zare hannunsa ya ce, "In za ka sara, ka sara a gwiwa, ka sa ƙaya." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu da rani na biyu, bai kuma sake yarda in ja shi ba, sai ya bi bango da sanda.

Na sara. Danya goma sha ɗaya na kayar a sanyin nan, maƙwabtan juna, ban tsallake ko ɗaya ba. Biyun farko na kewaye su da ƙaya, sauran ban sami lokaci ba. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, komayen nan ko yau aka kawo su ba zan ji kunyarsu ba. Madugu ya dawo da bazara, ya duba, ya sauke hatsi kamar yadda ya faɗa. 'Ya'yana uku duk sun ga damina. Kada wani a cikinku ya ce mini da shi ne ba zai yi ba, ba ku taɓa jin yaro ya gaji da kuka ya yi shiru ba. Baffa ma ya ci tuwon, ya san kuma daga inda ya fito.

Ni a lissafina shekara ɗaya ce. In ɗauki abin da nake so, in yunwa ta wuce komai ya koma yadda yake. Abin da ban tuna ba shi ne turmin ba a sauya shi sai ya rabe da kansa, ni kuwa na yi masa aiki mai ƙarfi. Tsagar tana buɗewa a hankali, murya tana ƙara mutuwa, turmin ya ƙi rabewa. Kowace shekara dashi yana matsowa kusa da rijiya. Abin da ya fita daga iyaka kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai. Maƙera suka shiga da neman gawayi, masu gini suka shiga, baƙi masu wucewa suka sassabe wa raƙumansu, kuma ba wanda Baffa ya taɓa riƙe wa hannu a cikinsu. A gindi suke sara. Awaki suka bi toho suka cinye. Sau da yawa na yi niyyar in je in gaya wa Maigari, sai in ce bari wannan shekarar ta wuce. Shekara shida turmin nan ya yi. Ran da ya rabe, iyakar Tsohuwa ba ta wuce inda mace za ta kira ɗanta ya amsa ba.

Turmin da ya rabe muku yanzu, shi ne na uku. Don shi na bi ayari har kudu da Damagaram na samo kiriya, na ɗauko ta a kan raƙumin haya, na bar ta ta bushe a inuwa. Ban taɓa jin tsoron ice ba sai a kansa. Kowane sara sai na tsaya na ƙwanƙwasa na saurara. Ranar daka na roƙi Maigari ya bar ni in yi gabas, ya yarda. Aka saki tabarya, muryar ta tashi tar, har tsuntsaye suka watse daga kan Tsohuwa. Na wuce jigawa ina ji. Na wuce inda aka yi wa Baffa dariya ina ji. Na kai tsohon layin dashi, na tsallake shi, na ƙara taku talatin kafin ta ɓace. Mutane suna ta murna, wai Tsohuwa ta sake shimfiɗa zanenta. Na juya na dubi abin da ta shimfiɗa shi a kai. Rairayi ne da kututture, daga ƙafata har rijiya, kuma goma sha ɗaya daga ciki na san su kamar yadda na san 'ya'yana. A nan na zauna na yi kuka, suka ɗauka na farin ciki ne.

Daga shekarar na fara jan ƙaya. Duk inda na ga tsiro ko toho cikin iyaka sai in kewaye shi. Kun taso kuna ganina ina yi, kuna cewa tsoho ba shi da aikin yi. 'Yan aduwoyin nan da bagaruwar da ke gabas, da danya huɗu da suka fara yin inuwa, abin da na iya mayarwa ke nan a shekara arba'in. Biyu daga cikin danyoyin daga kututturen da na sa wa ƙaya suka fito. Ruwan rijiya kuma kun san igiya nawa ake ƙullawa yanzu, a da ɗaya ce. An ce kumandan, Nasaran da ke mulki a Tanut, ya sa gardi masu tsaron daji. Madalla. Gardi yana zuwa sau ɗaya a wata bisa raƙumi, ku kuwa a nan kuke kwana da gaturanku.

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har matata ta rasu ba ta sani ba. Ku je ku faɗa a bakin rijiya in kuna so, na gaji da riƙe shi. Abu ɗaya nake roƙo, in za ku yi wa wani dariya a kan kunne, ku sa sunana, ku bar na Baffa ya huta.

Gungume biyu ne a bayan rumfa, Maigari ya sa aka kawo. Wanda yake ganin zai iya, ya je ya buga su ya zaɓa, ya zo nan gabana ya yi aikin, ba a bayan gari ba. Zan nuna masa yadda ake bin gindi da yadda ake fitar da ƙugu, wannan idona yana gani. Amma kada ya sa rai zan kama shi. Na ga yadda kuke kallon danyoyin nan huɗu, na san kallon. Lokacin da na yi tawa ƙaryar, da mai ji a garin nan. Yanzu babu. Ko kun kawo mini turmin kun buga a kan kunnena, ba zan san mai tsaga da lafiyayye ba. Wanda ya sassaƙa shi ne kaɗai zai sani.